Lemun Tsamin Baba Hosea

Muna cikin kokawa da rabin duron nan, ni da maigidana Bobboyi, sai ƙaya ta karce shi a kunne. Ya saki gefensa ya dafe wurin, ya ce shi dai bai ga dalilin da za a tayar da mutum daga kan kokonsa don ya ɗaga itacen wani ba. Na ce ya riƙe kawai, sau ɗaya ne. Muka sake ciccibawa, na sa ƙafa na ture duwatsu ukun da duron yake zaune a kai, na jawo babban tiren kayan aurena, mai jan fure da baki mai zurfi, muka dire shi a ciki. Ya zauna daram kamar don shi aka ƙera tiren.

"Mai shi ya sani?" in ji Bobboyi.

"Mai shi yana asibiti, Malam. In ya dawo gode mini zai yi."

Ya shanye kokonsa, ya fitar da kekensa ya tafi neman fasinja.

Mai shi kuwa shi ne Baba Hosea, dattijon da ƙofarsa ke manne da tamu a gidan hayar Alhaji Salihu da ke unguwar Gwadabawa a Jimeta. Ɗaki biyar ne a jere, baranda ɗaya muke haɗawa. Shekara tara ke nan da zuwansa, kuma tun ranar da ya sauke kayansa, tabarma ɗaya, jaka ɗaya da wani gwangwanin madara mai ɗan tsiro a ciki, jikina ya ba ni ni da shi sai mun ɗan taɓa. Tsiron nan shi ne ya girma ya zama itacen lemun tsami, daga gwangwani zuwa bokitin fenti, daga bokiti zuwa rabin duron roba, har ya kawo mini kafaɗa. Kusa da shi akwai ƙananan bokitai na barkono da daddoya da na'a-na'a. Kowannensu Baba ya huda masa gindi, ya ɗora shi kan duwatsu uku kamar tukunya a murhu. Da ya ba su ruwa sai ka ga ruwan ya fito ta ƙasa, ja-ja da laka, ya kama hanya. Maginin gidan kuma, Allah ya yafe masa, ƙofata ya karkato wa barandar.

Ni mace ce mai son tsafta. Wasu a gidan suna cewa tawa ta yi yawa, amma su ɗin ne dai suke zuwa aron tsintsiyata. Shekara tara ina share ruwan lemun nan kullum safiya, ina yi ina mita, kuma ba da ƙaramar murya ba. Faɗan ni kaɗai nake yin abina. Baba sai dai ya zauna a kujerarsa ta katako yana murmushi, ya ce, "Ruwa baƙo ne, Hansai. Ka bar shi ya gaisa ya wuce." A Hausar Baba ba mace ba namiji, kowa "ka" ne, har na saba.

Ba wai ban san darajar itacen ba ne. Shi da kansa ya ba ni labari, wata shekara da mura ta kwantar da ni ya kawo mini lemu biyu daga cikin bakwai da itacen ya yi. Ya ce ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu a bayan Michika, a shekarar 2014, matarsa Kwanye tana tsinkar lemu a tsakar gida. Da harbi ya matso sai ta cusa masa abin da ke hannunta a aljihu, suka bi mutane suka hau dutse. Kwana uku lemun nan suke tsotsa in ƙishi ya kama su. Kwanye dama ƙirjinta ba lafiya. A rana ta uku ta zauna a gindin wani dutse ta ce a ɗan jira ta, ba ta sake tashi ba. Da hannu suka tona, da duwatsu suka rufe ta. Bayan shekara biyu da hanya ta buɗe ya koma neman wurin, ya yi kwana uku yana zagaye, kowane dutse kamar ɗan'uwansa. Gidan ya ƙone, uwar lemun ta ƙone har saiwa. Abin da ya rage daga hannun Kwanye, in ka cire 'yarsu Tracy, shi ne ƙwaya huɗu da ya tarar a kusurwar aljihunsa a sansanin 'yan gudun hijira na Damare. Ya shuka su a gwangwani, guda ɗaya ta fito. Shi ya sa yake kiran itacen ɗan Kwanye.

Burinsa ɗaya ne a duniya, ya mayar da itacen gida ya dasa shi a gurbin uwarsa. Dangi sun fara komawa, an tayar da ɗaki ɗaya a tsohon gidan, saura rufi. A daminar nan ya yi niyyar tafiya. Sai ga ƙafafunsa sun kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, likita ya ce zuciya ce ta gaji, aka ba shi gado. Tracy malama ce a wata makaranta a Numan, sai ranar Juma'a da yamma take samun zuwa. Saboda haka da za a sa shi a keke zuwa asibiti, ni ya kira ya damƙa wa amanar shukokinsa.

A daidai makon ne kuma Alhaji Salihu ya sa wa barandar farin tayil. Abin da siminti ya rufa wa asiri shekara tara, tayil ya tona shi a rana ɗaya. Jan layi ne ɓaro-ɓaro tun daga gindin duro har dokin ƙofata. Ni kuma na taɓa gani a wani banki a Jimeta, kowace tukunyar fure da ɗan farantinta a ƙasa, wurin kuwa sai ƙyalli. Na ce ashe abin da sauƙi, Baba ne dai bai waye ba. Na shiga kasuwa na sayo farantan roba na sa wa ƙananan bokitan, babban kuma na sadaukar masa da tiren da Goggona ta sa mini a kayan ɗaki. Duwatsun na watsar da su. Har cikin raina ina jin na yi abin kirki, ranar kuwa na daɗe a tsaye ina kallon barandar.

Bayan sati biyu aka sallamo Baba. Ɗauko shi aka yi daga keke zuwa gado, ko waiwayar baranda bai samu yi ba. Gadonsa yana ƙarƙashin taga, in ya ɗaga kai kan itacen kawai yake hangowa. Kullum safiya in na kai masa kunu sai ya tambaye ni yaya ɗan Kwanye, ni kuma in ce lafiya lau yake.

Da farko gaskiya nake faɗa. Daga baya daddoyar ta yi baƙi ta kwanta, na'a-na'a ta bi ta, barkono ya zubar da furensa. Na ce kewar mai su suke yi, na kwashe su na kai bola tun mutanen gida ba su fito ba. Sai kuma ganyen lemun na ƙasa suka fara yin ɗorawa suna faɗuwa. To, mutum ya ga shuka ta yi yaushi me zai ba ta in ba ruwa ba? Na koma ba shi safe da yamma. Wata maƙwabciya ta ce ruwan wankin shinkafa yana da kyau, na ƙara masa da shi. Ga watan Agusta, ruwan sama yana feso barandar. Tiren nan bai taɓa bushewa ba, ni kuwa har murna nake yi, ina cewa yanzu yana da ajiya, ya sha a lokacin da ya ga dama, kamar kaza da kaskonta. Da asuba nakan tsince ganyen da suka zuba in ƙulle su a gefen zanina, kafin a buɗe tagar Baba. Tsoro ya riga ya shige ni, amma ban gaya wa kowa ba.

Sauro kuma ya yi mana sallama. Sau biyu zazzaɓi yana kwantar da Bobboyi a wata ɗaya. Ya ɗora laifin a kan kwatar bayan gida, ya je ya yi wa masu wankin mota na layinmu tatas, ni ma na taya shi da nawa bakin.

Ranar wata Asabar na shiga da kunu, na tarar Tracy tana shafa wa Baba mai a ƙafa. Ƙafafun sun yi suntum, in ta danna yatsa sai gurbin ya zauna. Na ajiye kofi zan fita, ya ce in zauna. Bai tambaye ni yaya ɗan Kwanye ba.

"Hansai, kwana arba'in ina kwance a nan," ya ce. "Kullum ina ji ka zuba masa ruwa. Amma ban ji tsintsiya ba, ban ji masifarka ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ina ruwan yake zuwa?"

Ni da wautata har da ɗan alfahari na ba shi amsa. Na gaya masa maganar tayil, da abin da na gani a banki, da tiren Goggona da ban taɓa ko ɗora abinci a kai ba. Ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce wa Tracy a fitar da shi waje. Ta ce likita ya hana shi motsi. Ya ce likita ba shi da ɗa a baranda.

Bobboyi bai fita ba tukuna. Shi da Tracy suka ɗora Baba a kujerarsa ta katako, suka ɗauko shi da kujerar gaba ɗaya suka ajiye a gaban duron. Rabin itacen ya zama tsinke. Ganyen da suka rage sun lanƙwashe sun yi kalar tsohuwar takarda. Ban taɓa ganinsa da idon wani ba sai ranar, kuma na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba bai dubi ganyen ba, ƙasa ya duba. Ya ce Bobboyi ya ɗan karkata duron. Da ya karkata, wani wari ya taso kamar na kwata ta kwana, ruwan tiren kore shar, ga wasu 'yan tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil a ciki.

Bobboyi ya durƙusa ya ƙura musu ido. "Bappa, waɗannan ba 'ya'yan sauro ba ne?" Haka yake kiran Baba, irin kiran da Fulani ke yi wa ɗan'uwan uba.

Baba ya ce su ne. Bobboyi ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi tayil. Masu wankin mota dai har yau ban iya haɗa ido da su.

Tracy ce ta yi magana. Ta ce shekara goma babanta yana rainon abin nan, ya raba ruwan shansa da shi a sansani, ya tsallake da shi komai, sai a zo a kashe shi saboda tayil. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na durƙusa a gaban kujerar, hawaye suna zuba, na ce Baba ya yafe mini, na ci amana, kuma sati uku ke nan ina yi masa ƙarya.

Ya ɗaga zanin da aka rufe masa ƙafa da shi, ya nuna mini su.

"Ka gani? Ni da shi ciwonmu ɗaya. Ruwa ya zauna mana a ƙafa, ya ƙi wucewa." Har ya ɗan yi dariya, tari ya katse shi. "Nawa likita ya ce ba yadda za a yi. Nasa bari mu gani. Tashi ka kawo reza."

Ranar Bobboyi bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Baba ya aike shi bakin kogi ta wajen Damare ya ciko buhu da yashi, ni kuma na je wurin mai ƙosan bakin layi na roƙo tokar itace. Muka shimfiɗa buhu a baranda, muka kwantar da duron, muka zaro itacen da ƙasarsa. Ƙasar ta zama taɓo, tana ɗiga. Baba ya ce in wanke saiwar a hankali da hannuna. Yawancinta ta yi baƙi, in na taɓa sai fatar ta saɓule ta bar ɗan zare. Ya ce duk mai baƙi in yanke, kada in ji tausayi, in bi ta har inda ta yi fari. Ina yanka, shi kuma yana cewa ƙara, ƙara sama. Da na gama, abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Na barbaɗe shi da toka kamar yadda ya ce.

Sai ya ce a rage rassan ma. Nan Tracy ta ce a'a, ai su ne kaɗai suke da ganye. Ya ce wanda ƙafarsa ta ragu ba a ɗora masa babban kaya. Ita da kanta ta karɓi wuƙa ta yanke, tana yi tana share ido da bayan hannu. Aka bar sanda ɗaya da 'yan rassa uku, ko ganye ɗaya babu. Muka ƙara wa duron huda da ƙusa mai zafi, muka haɗa busasshiyar ƙasa da yashi, muka mayar da shi.

Saura duwatsu. Ɗaya na same shi yana tokare da ƙofar banɗaki, ɗaya a bayan katanga inda na wurga shi. Na ukun na neme shi har cikin bola ban gani ba. Na dawo ina haki na ce ya ɓata. Baba ya ce dutse dutse ne, ba daga Michika ya zo da su ba, in ɗauko kowanne. Bobboyi ya samo wani a bakin titi, muka ɗora duron ya ɗan karkace, amma ya zauna.

Kafin a mayar da shi ɗaki ya ba ni doka biyu, kuma a gaban Tracy ya faɗe su. Ta farko, kada in ba shi ruwa sai na tura yatsa har gaɓa ta biyu na ji ƙasar a bushe. Ta biyu, ko me ya faru kada a ɗaga shi daga wurin nan sai ya yi sabon ganye, domin saiwar da aka yanka ba ta jure girgizar mota.

Da yamma ina kankare tiren, tsatsa ta riga ta ci tsakiyarsa ta cinye jan furen, Bobboyi ya tsaya a kaina ya tambaye ni wane banki ne na ga furannin. Na gaya masa. Ya ce ai kullum yana sauke ma'aikatansu, furannin nan na roba ne, goge su ake yi da tsumma. Na ce ya tafi ya ba ni wuri.

Daga ranar tambayar Baba ta canza. In na kai kunu sai ya ce in je in ɗan karce ɓawon da farce, wuri kaɗan, in gaya masa abin da na gani. In kore ne a ciki, da rai. Rana ta farko kore ne. Rana ta huɗu reshe ɗaya ya bushe, na dawo na gaya masa gaskiya, domin na yi rantsuwa tsakanina da Allah ba zan sake yi masa ƙarya ba. Ya ce ba komai, saura biyu. Shi kansa kullum raguwa yake yi. Kunun da yake shanye kofi ya koma cokali uku. Tracy ta ɗauki hutu ta dawo gaba ɗaya, matan zumunta na cocinsu suna zuwa da rana su zauna a tabarma suna waƙa a hankali. Ni da Tracy muna gaisawa, ina dafa musu abinci tana karɓa ta ce an gode, amma ba ta kallon fuskata.

Rana ta goma sha ɗaya, Laraba ce, na shiga da safe na ga idonsa ya yi nisa. Ya motsa baki, na gane abin da yake tambaya. Na fita na karce gindin sandar. Kore ne, har da ɗan danshi. Na dawo zan gaya masa, sai na ga ba lallai ya ji ni ba. Na kai farcen nawa daidai hancinsa. Ya ja numfashi sau ɗaya, ya sake ja. Ƙanshin lemun tsami ne, kaɗan, amma ni ma ina jin sa daga inda nake.

"Yana nan," in ji Baba.

Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Bayan azahar ina cikin ninke sallaya na ji waƙar matan ta tsaya, sai muryar Tracy ita kaɗai. Na zauna a bakin gado na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Mutumin nan shekara tara ina yi masa masifa, bai taɓa mayar mini da ko kalma ɗaya mai zafi ba.

Ranar Juma'a da safe aka kawo a-kori-kura don a kai shi gida, domin ya bar wasiyya a binne shi a tsakar tsohon gidansa. Mutanen coci suka cika barandar, mu ma 'yan gidan duk muka fito, har Alhaji Salihu ya zo ya yi ta'aziyya. Da aka sa akwatin a mota, sai wasu maza biyu daga dangi suka nufi duron. Sun ce tunda mai shi zai tafi, a tafi da itacensa a dasa masa a kai, abin da ya so ke nan. Maganarsu kuwa da gaskiya a ciki. Amma hanyar Michika ba gajeriya ba ce, kuma kowa ya san ramukanta.

Ban san lokacin da na sha gabansu ba. Na ce Baba ya ce kada a ɗaga shi sai ya yi ganye. Ɗayan ya dubi sandar ya dube ni, ya tambayi ko ni wace ce. Aka kira Tracy. Ta zo da baƙin ɗankwali, idonta ya kumbura, karon farko cikin kwana goma sha uku ta dube ni sosai.

"Adda Hansai, a hannunki ya kusa mutuwa," in ji ta. Adda ita ce babbar yaya a bakin Fulani.

"A hannuna," na ce. "Shi ya sa duk gidan nan ba wanda ya kai ni sanin abin da ke kashe shi. Ki bar mini shi, Tracy. In ya yi ganye ki zo ki ɗauka. In ya mutu ni zan kira ki da bakina in gaya miki."

Ta daɗe tana kallon sandar. Direba yana ta latsa ham a waje. Sai ta sa farce ta karce ɓawon kamar yadda ta ga ina yi, ta shinshina, ta ce wa mutanen su bar shi. Motar ta tashi da Baba, ɗan Kwanye ya zauna a barandarmu.

Wanda bai taɓa zama da bokitin ruwa a gaban busasshiyar sanda an ce kada ya zuba ba, bai san haƙuri ba. Kullum safiya in tura yatsa, in ji da sanyi, in mayar da bokitina. Wani lokaci kwana biyar ban ba shi ko ɗigo ba, zuciyata tana ce mini ƙishi zai kashe shi. In hadari ya taso in ruga in kare shi da buhu. Reshe na biyu ma ya bushe. Alhaji Salihu ya sa sabon ɗan haya a ɗakin Baba, wani ma'aikacin asibiti, wanda ya tambaya ko za a iya kawar da wannan sandar daga ƙofarsa. Bobboyi ne ya ba shi amsa tun kafin in buɗe baki, ya ce sandar ta riga shi zuwa gidan. Sauro dai ya ragu, wannan kam kowa ya shaida. Tiren Goggona ya koma na shanya kuɓewa.

Duk ranar Lahadi da yamma Tracy takan kira. Ba ma doguwar magana. Ta ce yaya, in ce har yanzu kore ne a ciki, ta ce to.

Sati biyar da kwana biyu bayan tafiyar Baba, ruwan sama ya fara janyewa, na fito da safe na durƙusa zan tura yatsa. A kan reshen da ya rage, daidai gindin wata ƙaya, na ga wani ɗan abu kamar ƙwayar gero. Na ɗauka ƙwaro ne, har na kai hannu zan cire, Allah ya tsare. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron bakina. Bayan kwana uku ya buɗe ya zama ganye biyu, ƙanana, masu sheƙi, ga wani tohon yana biye da su daga ƙasa. Ban jira Lahadi ba. Na ɗauki hoto da wayar Bobboyi na tura, ko minti ɗaya ba a yi ba ta kira. Ta ce an gama rufin ɗakin, kuma sun bar gurbi a gefen kabarin, daidai inda uwar lemun take a da. Ta ce da ruwan farko na baɗi za ta zo da mota, kuma ba ita kaɗai za ta dasa shi ba, in fara shirin tafiya.

Na ajiye wayar na tura yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu. A bushe take. Na ɗebo ruwa na zuba a hankali, ina zagaya gindin. Can sai ga shi ya fito ta ƙarƙashin duron, tsakanin duwatsun nan uku, ja-ja da laka, ya kama hanyarsa a kan farin tayil ɗin Alhaji Salihu. Tsintsiyata tana jingine a bango. Na janye takalmana daga bakin ƙofa, na tsaya ina kallonsa har ya gangara ya wuce.